Edward Meyrick, Malamin Makarantar Da Ya Raɗa Wa Ƙananan Faɗa-Wuta Suna

Duk wanda ya saba karatun dare a gaban fitila ya san faɗa-wuta, ƙwarin nan masu kama da malam-buɗe-littafi waɗanda ke kewaya haske har su ƙone. Manyansu kowa yana ganinsu. Amma akwai ƙanana, wasunsu ko tsawon ƙwayar shinkafa ba su kai ba, waɗanda mukan share da bayan hannu daga kan takarda ba tare da mun dube su ba. Asu da ke cin rigar ulu a cikin akwati ɗan wannan zuriya ne. Haka kuma da yawa daga cikin tsutsotsin da ke huda auduga, da wake, da tumatir, 'ya'yan waɗannan ƙananan faɗa-wuta ne. A shafin tarihin mutane na bana mun zaɓi mu ba da labarin wani malamin makaranta ɗan Ingila, mai suna Edward Meyrick, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tantance su, yana kasa su gida-gida, yana ba kowanne sunansa. Babban kaso na waɗanda ya raɗa wa suna daga ƙasashen Asiya masu ɗumi suka fito, wato Indiya, da Silon, da kudancin Sin, da tsibirin Taiwan.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Meyrick a watan Nuwamba na shekarar 1854 a ƙauyen Ramsbury, cikin gundumar Wiltshire a kudancin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi sakandare a Marlborough College, makarantar kwana da ba ta da nisa da ƙauyensu, daga nan ya wuce jami'ar Kambirij. Abin da ya karanta a jami'a shi ne harsunan Latin da Helenanci. Ilmin ƙwari kuwa shi ya koya wa kansa, tun yana yaro yana yawo a filayen Wiltshire da 'yar ragar kama ƙwari.

A shekarar 1877 ya hau jirgin ruwa zuwa Ostireliya don aikin koyarwa. Ya koyar a birnin Sidni, ya ƙetara Niyu Zilan ya koyar a Christchurch, sa'an nan ya komo Ostireliya ya koyar a Parramatta. A waɗannan ƙasashe ya tarar da ƙananan faɗa-wuta birjik waɗanda ba wanda ya taɓa rubuta bayaninsu. Ya shiga kama su, yana bayyana su a mujallun masana na Sidni da na Niyu Zilan. Bayan kusan shekara goma ya koma gida, kuma daga 1887 har zuwa 1914 yana koyarwa a tsohuwar makarantarsa ta Marlborough. Shekaru da yawa shi ne shugaban ƙungiyar nazarin halittu ta 'yan makarantar, yana fita da su daji su tattaro ƙwari da tsirrai. Ya kamata mu lura da wannan: duk aikin da ya yi kafin 1914, a lokacin da ya rage masa bayan aji ya yi shi, da dare, da ranakun hutu.

A 1895 ya wallafa littafi a kan malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta na Birtaniya, inda ya sake jera su bisa tsarin jikinsu. Waɗansu tsofaffin masana ba su ji daɗin sabon jerin ba, amma littafin ya karɓu, har ya sake gyara shi ya fitar a 1928. A 1904 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila.

Yadda ake tantance ɗan ƙaramin ƙwaro

Kafin mu bi shi zuwa ga ƙwarin Asiya, bari mu fahimci irin aikin. Tun daga zamanin Linnaeus, masanin nan ɗan Suwidin wanda littafinsa na 1758 ya zama mafarin sunayen dabbobi, kowace halitta suna biyu ake ba ta da Latin. Na farko sunan gida ne, wanda take tarayya a kansa da 'yan'uwanta na kusa. Na biyu sunan yanka ne, nata ita kaɗai a cikin gidan. Wanda ya fara bayyana wani iri sai ya rubuta kamanninsa, ya buga a inda kowa zai iya karantawa, ya kuma ajiye ƙwaron da ya duba. Wannan ƙwaro da aka ajiye shi ne shaida. Ko bayan shekara ɗari gardama ta taso a kan sunan, gare shi za a koma.

Wahalar ita ce ƙanƙanta. Yawancin waɗannan faɗa-wuta, in an buɗe fukafukansu, faɗinsu bai wuce milimita 10 zuwa 20 ba, mafi ƙanƙanta kuwa wajen milimita 3 ne. Sai an soke su da allura siririya kamar gashi, an shimfiɗa fukafukan a hankali, an bar su sun bushe. Launinsu kuma yakan ruɗi ido, domin garin da ke jikin fiffike yana gogewa, kuma iri biyu da ba su haɗa komai ba suna iya zama toka-toka iri ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Don haka Meyrick ya dogara ga jijiyoyin fiffike. In aka kawar da garin, za a ga jijiyoyi sun bazu kamar na ganye. Bisa lissafin da ya bi, fiffiken gaba yana da jijiya 12, na baya yana da 8, kowace da lambarta. Sai ya duba: ta 7 da ta 8 daga tushe ɗaya suka fito ko dabam-dabam? Akwai wadda ta ɓace? Ina kowace ta ƙare? Ya haɗa wannan da siffar kai, da 'yan gaɓoɓin da ke gefen baki, da tsawon ƙahonnin ji. Da haka yake sanin gidan da ƙwaro ya fito. Yana da ƙa'idodi uku da yake bi wajen gane wane iri ya girmi wane. Sabuwar gaɓa ba ta fitowa sai ta hanyar sauya wadda take akwai. Gaɓar da ta ɓace ba ta dawowa. Wadda ta ƙanƙance kuma da wuya ta sake girma. Saboda haka, a ganinsa, iri mai cikakkun jijiyoyi ba zai fito daga wanda ya rasa wasu ba.

Akwatuna daga Asiya

Da sunansa ya bazu, sai masu tara ƙwari daga ko'ina suka fara aiko masa da abin da suka kama ta gidan waya. Daga 1905 zuwa 1914 ya yi ta buga jerin bayanai a kan ƙananan faɗa-wuta na Indiya da Silon, ƙasar da yau ake kira Siri Lanka, a mujallar ƙungiyar nazarin halittu ta birnin Bombai. Sunan wuri ɗaya da ke yawan fitowa a rubuce-rubucensa shi ne tsaunukan Khasi, a arewa maso gabashin Indiya. A zamaninsa cikin lardin Assam suke, yau kuwa suna jihar Meghalaya. Yankin yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya, ga dazuzzuka masu duhu, ga tsirrai iri-iri. Inda tsirrai suka yawaita, nan ƙananan faɗa-wuta ke yawaita, domin da yawa daga cikinsu tsutsarsu tsiro iri ɗaya tak take ci, ko 'yan kaɗan masu dangantaka.

Babban abokin aikinsa a Indiya shi ne Thomas Bainbrigge Fletcher, wanda ya bar aikin sojan ruwa ya zama babban masanin ƙwari na gwamnati a cibiyar binciken noma ta Pusa, a Bihar. Fletcher da ma'aikatansa Indiyawa sukan tsinko ganyen da tsutsa ta shiga, ko 'ya'yan itacen da ta huda, su yi kiwonta har ta zama faɗa-wuta. Sai a aika da ita Marlborough a sami suna. Ta haka aka haɗa abu uku da manomi yake bukata: ga tsutsar da ke ɓarna, ga uwar da ke yin ƙwanta, ga sunan da za a neme ta da shi a littattafai. Cikin waɗanda Meyrick ya raɗa wa suna akwai Cydia leucostoma a 1912, wadda tsutsarta ke naɗe sabon tohon shayi, da Prays endocarpa a 1919, wadda ke shiga ɓawon lemo a kudu maso gabashin Asiya.

Daga gabas ma akwatuna sun zo. A 1914 ya bayyana ƙwarin da wani Bajamushe, Hans Sauter, ya tara a Taiwan, wadda Turawa ke kira Fomosa a lokacin. Daga baya wani masani ɗan Japan da ke aiki a tsibirin, Syuti Issiki, ya riƙa aiko masa da na Taiwan da na Japan. A 1930 bayanansa suka fito a cikin aikin wani Bafaranshe, Joseph de Joannis, a kan faɗa-wutan Tonkin, wato arewacin Biyetnam. Bayan haka ya haɗa hannu da Aristide Caradja na ƙasar Romaniya a kan na Sin: na lardin Guangdong, sai na Jiangsu da Zhejiang da Hunan a 1935, sa'an nan na tsaunukan Yunnan. Lokacin nan ya kai shekara tamanin a duniya.

Wajibi ne mu faɗi cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin ƙwarin Asiya da ke ɗauke da sunayen da ya ba su, waɗansu ne suka kama su. Cikin masu kamawar akwai mutanen ƙasa da suka kwana a daji gaban fitila, waɗanda sau da yawa ba a rubuta sunayensu a kan 'yar takardar da ke maƙale da allura ba.

Da bayanan suka fi ƙarfin mujallu, sai ya fara buga nasa da kuɗin aljihunsa a 1912, da sunan Exotic Microlepidoptera, ma'ana ƙananan faɗa-wuta na ƙasashen waje. Yana fitar da shi kashi-kashi, shafi 32 kowane kashi. Ya cika juzu'i huɗu, kowanne shafi 640, yana cikin na biyar a 1937 aikin ya tsaya. Jimillar ire-iren da ya raɗa wa suna ta haura 14,000. In muka raba wannan a kan shekara sittin da ya yi yana aikin, za mu ga fiye da iri huɗu ke nan kowane mako, ba fashi. Da yayyafi kogi kan cika.

Karatun Helenancinsa ma bai tafi a banza ba. Kusan duk sunayen da ya raɗa daga Helenanci ko Latin ya ƙera su, kowanne yana nuna wani abu game da launi ko siffar ƙwaron. Yana kishin wannan ƙwarai, har a 1912 ya ƙi amincewa da tarin sunayen da wani Ba'amurke, William Kearfott, ya raɗa don ba su da ma'ana, ya ba da nasa a madadinsu. Masana ba su bi shi ba, domin doka ta ce sunan da ya riga fitowa shi ne suna, ko yana da daɗin ji ko ba shi da shi.

Inda ya gaza

Tarihin da ba a faɗi kasawar mutum ba yabo ne kawai, ba ya koya wa ɗalibi komai. Meyrick yana da kasawa biyu manya, kuma dukansu sun shafi waɗanda suka gaje shi.

Ta farko, yawancin bayanansa ba su da hoto ko zane. Ya amince cewa kalmomi da aka zaɓa da kyau sun isa. Bayaninsa gajere ne, tsaf-tsaf, amma masanin da ke zaune a Pusa ko Taipei da ɗan ƙwaro toka-toka a gabansa, yaya zai tabbatar cewa shi ne wanda aka bayyana cikin layi goma, ba ɗan'uwansa ba?

Ta biyu ta fi nauyi. Tun yana tsakiyar aikinsa wasu masana suka gano cewa gaɓoɓin haihuwa na waɗannan ƙwari, in an fiɗe su an duba a madubin ƙara girman abu, sun fi komai bambanta iri da iri. Na namiji da na mace sukan dace kamar kwaɗo da mabuɗinsa, kuma siffarsu ba ta gogewa kamar launi. F. N. Pierce na Libaful ya fara wallafa littattafai a kan wannan hanya tun 1909, August Busck da Carl Heinrich kuma suka bi ta a Amurka. Meyrick bai karɓe ta a aikinsa ba, ya tsaya a kan jijiyoyi da launi har ƙarshen ransa. Sakamakon haka, wani lokaci yakan tara iri biyu ko uku ƙarƙashin suna ɗaya, wani lokaci kuma ya ba iri ɗaya suna biyu. Ba kasafai yake ware ƙwaro ɗaya ya ce shi ne shaidar sunan ba, sai ya bar jeri guda.

Ga misalin irin ruɗanin da suna kan jawo. A 1905 ya raɗa wa tsutsar nan mai baƙin kai da ke cinye ganyen kwakwa a Indiya da Silon suna Nephantis serinopa. Shekaru fiye da saba'in malaman gona suna rubuta rahotanni da wannan suna. Sai a 1981 aka tabbatar cewa Francis Walker ya riga ya raɗa mata Opisina arenosella tun 1864. Dokar da ta kayar da shi a gardamarsa da Kearfott ita ta sake aiki a nan: sunan Walker ya tsaya, nasa ya koma gefe.

Meyrick ya rasu ranar 31 ga Maris, 1938, a gidansa da ke Marlborough. Tarin ƙwarinsa, wajen 100,000, ya koma babban gidan adana halittu na Landan. Wannan ajiya ita ta ceci aikinsa. Wani masani daga cibiyar Smithsonian ta Amurka, J. F. Gates Clarke, ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi shaidar kowane suna, ya fiɗe, ya ɗauki hoton fukafukai da na gaɓoɓin haihuwa. Aikin ya fito cikin juzu'i takwas tsakanin 1955 da 1970. Alexey Diakonoff na Leiden a ƙasar Holan shi ma ya yi shekaru yana gyara jerin na kudancin Asiya. Bayansu masanan Japan, da Koriya, da Indiya, da Taiwan, da Sin suka karɓi aikin ƙasashensu da kansu. Daga 2003 kuma aka sami ƙarin hanya, ta gwada ɗan yanki na ƙwayoyin gado. Duk da haka, wanda ya kama ɗan faɗa-wuta a Yunnan ko Assam yana zaton sabo ne, dole ya fara tambaya ko Meyrick ya riga shi.

Abin da ya haɗa mu da shi

Wataƙila ɗalibi ya ce, ina ruwanmu da ƙwaron Asiya da wani Bature ya raɗa wa suna? Amsar tana cikin fadamunmu. A 1917 Meyrick ya bayyana wani ɗan faɗa-wuta daga Huancayo, a tsaunukan Peru ta Amurka ta Kudu, daga namiji ɗaya tak. Ya kira shi Phthorimaea absoluta. Daga baya aka mai da shi wani gida, duniya ta san shi da Tuta absoluta. A 2006 aka gan shi a Sifen. Ya bazu a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, ya shiga Afirka, ya isa Indiya a 2014, ya isa Sin a 2017. A 2016 ya afka wa tumatir a jihohin Kano, da Kaduna, da Katsina, da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Mayu na shekarar. Manomanmu suka sa masa suna sharon. Da yawa sun yi asarar gonakinsu ɗungum, tumatir ya yi tsadar da magidanta ba su saba gani ba.

Tsutsar sharon tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta ɓuya, shi ya sa feshi barkatai ba ya cika kai mata. Da malaman gona suka tabbatar da sunanta, sai duk abin da aka koya a kanta a Barazil, da Ajantina, da Sifen ya zama namu: tarkon da ke jawo mazan da ƙamshin mata, da magungunan da ta riga ta saba da su, da ƙwarin da ke cin ƙwanta, da amfanin ƙone ragowar shuka bayan girbi. Ba don sunan ba, da daga farko za a fara lalube. Rashin sani ya fi dare duhu. Haka nan Cydia ptychora, wadda ya raɗa wa suna a 1907, tana ɓarna a kan wake a Nijeriya, da Thaumatotibia leucotreta ta 1913, wadda ke huda lemo, da auduga, da barkono a ƙasashen Afirka.

Ga 'yan makaranta

Abubuwa uku muke so ɗalibanmu su ɗauka. Na ɗaya, Meyrick bai jira an ba shi babban ɗakin gwaji ba. Allura, da gilashin ƙara girman abu, da alƙalami, da lokacin da ya rage bayan aiki, su ne jarinsa. Na biyu, ba darasin da yake na banza. Harsunan da ya koya a aji su suka ba shi sunaye dubbai, yadda lissafi da zane da Turancin da kuke koya yau za su yi muku amfani a inda ba ku zata ba. Na uku, gwaninta ba ta hana mutum koyo. Da ya karɓi sabuwar hanya lokacin da ta fito, da ya rage wa na baya wahalar shekaru. Abin da ya sa aka iya gyara kurakuransa shi ne bai ɓoye komai ba: ya rubuta, ya buga, ya ajiye shaida.

Ƙananan faɗa-wuta na Afirka ta Yamma har yanzu ba a san su sosai ba, kamar yadda aka san na Turai ko na Japan. A cikin ganyen kuka, da na tsamiya, da na gawo, akwai tsutsotsin da ke jiran wanda zai yi kiwonsu ya ga abin da za su zama. Kayan farawa ba su da tsada: kwalba mai tsabta, da ganyen da tsutsar ke ci, da littafin rubuta rana da wuri da sunan itacen. Muna fata cikin masu karanta wannan shafi a sami waɗanda za su fara a hutun nan mai zuwa.